Wasiƙa daga Koshitse, kan fim ɗin dodon nan

Koshitse, Sulobakiya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Umma? A ce mata don Allah ta rage tsayuwa a madafi, ƙafar nan hutu take so. Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya. Sanyi ne dai ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu.

Ka tambaye ni ko fim ɗin dodon nan da muka kalla a kaset muna yara ya dace ka nuna wa yaranka. Ya dace, amma tsaya ka ji, ashe a ƙasar nan aka ɗauke shi. Sunansa Dragonheart, ya fito a 1996, Rob Cohen ne ya ba da umarni. An ɗora labarin a Ingila ta shekarar 984, amma duwatsu da dazuzzukan da muka riƙa gani na Sulobakiya ne. Cikin wuraren da aka yi aikin har da tsohuwar fadar Spish, wadda ba ta da nisa da mu. Na je na gan ta. Kufai ne na farin dutse a kan tudu, gobara ta cinye ta tun 1780, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993. Iskar da ke kaɗawa a saman ganuwar sai ka riƙe hularka.

Da na dawo sai na matsa wa abokan karatuna muka kunna shi ran Asabar da dare a zauren ɗakin kwananmu. Wallahi musun da aka yi bayan an gama ya fi fim ɗin tsawo.

Ƙananan cikinmu tun fitowar dodon suka fara dariya. Wai zanen kwamfutar ya tsufa, ana gane cewa liƙa shi aka yi a jikin hoton. Wannan bai dame ni ba, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Kamfanin ILM ne ya ƙera shi, su ne suka yi dabbobin Jurassic Park a 1993, kuma a nan aikin ya fi wuya, domin wannan dodon magana yake yi, yana ɗaure fuska, yana murmushi. Har takarar lambar yabo ta Oscar aikin ya shiga, fim ɗin Independence Day ya kayar da shi. Dattijon da ke gadin ƙofarmu, wanda ya jawo kujera ya zauna tare da mu, shi ko kallon dodon bai cika yi ba. Bayan 'yan wasan yake dubawa, yana nuna tudu da yatsa yana kiran sunansa. Shi a wurinsa fim ɗin hoton ƙasarsa ne tana sabuwar samun kanta, tunda a 1993 ta rabu da Cek.

Wata 'yar Indiya da ke ajinmu kuka ta yi sosai a ƙarshe, ta ce muryar dodon ce ta karya mata zuciya. Muryar Sean Connery ce, wanda ya mutu a 2020. Wani ɗan Sudan da muke sallar Juma'a tare kuwa bai ji daɗin ƙarshen ba, inda ran dodon ya tashi ya shiga cikin taurari. Na ce masa wannan tatsuniyarsu ce, mu ma muna da macijin rijiyar Kusugu da Bayajidda ya sare a Daura, bambancin dai a nan macijin ne mai gaskiya, sarkin ne abin tsoro. Ya yarda da rabi.

Wanda ya fi ba ni aiki wani ɗan ƙasar nan ne mai karatun lauya. Ya ce barden, wato Bowen da Dennis Quaid ya fito a matsayinsa, bai cancanci a kira shi jarumi ba. Ka tuna bayan sun kwana yana cikin bakin dodon, takobinsa a tokare da ganɗarsa, babu mai iya kashe wani, sai suka haɗa baki? Dodon ya tsorata ƙauye, barden ya zo ya yi kamar ya harbe shi, a biya shi lada. Ya ce wannan damfarar talakawa ce, kuma fim ɗin ya mai da ita abin dariya. Gaskiya ya faɗa. Muna yara wurin ne ya fi ba mu nishaɗi, yanzu kuwa shi ne ya fi yi mini nauyi, domin mutanen da ake cuta su ne waɗanda sarki ya riga ya tatse.

Amma Yaya, abin da nake so ka lura da shi in kun zauna kallo shi ne maganar zuciyar. Yarima Einon ya ji mummunan rauni ranar da talakawa suka yi bore suka kashe ubansa. Uwarsa ta kai shi kogon dodo, dodon ya tsaga ƙirjinsa ya ba shi rabin zuciyarsa, bayan yaron ya rantse zai yi mulki da tausayi. Yana hawa gadon sarauta ya kama mutane aikin dole, ya sa aka makantar da jagoran boren. Bowen, wanda shi ya rene shi ya koya masa riƙon takobi, sai ya ce ai zuciyar dodo ce ta ɓata masa yaro. Shekara 12 yana bin dodanni yana kashewa, har saura guda. Alhali yaron tun asali haka yake, da bakinsa ya gaya wa malamin nasa daga baya cewa bai taɓa yarda da abin da ake koya masa ba, maimaitawa kawai yake yi. So hana ganin laifi. Mutumin kirki ne ya ƙarar da jinsi guda don ba ya iya cewa ɗan da ya rena mugu ne.

Dodon ma ba a wanke shi tas ba. Ya san halin gidan da yaron ya fito, ya ba da zuciyar yana fatan ta canza shi, yana kuma neman wa kansa sakamako. Tunda rayuwarsu ta zama ɗaya, azzalumin ba zai mutu ba sai dodon ya mutu, shi ya sa ya roƙi abokinsa ya jefe shi da gatari. A zauren nan, har masu dariyar ɗazu babu wanda ya yi motsi a wurin.

Saboda haka ka nuna musu, amma ka zauna tare da su. Wurin makantar da mutumin nan da kuma kisan da sarkin ya yi masa daga baya sun yi wa auta nauyi, ka wuce su. In an gama ka tambayi babban wa yake ganin ya fi laifi tsakanin barden da dodon, ka turo mini amsarsa da muryarsa ta WhatsApp, ina so in ji.

Kuɗin maganin Umma zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda. In ka sami mai tahowa Turai, a haɗo mini da yaji da kuka da ɗan daddawa, a ɗaure ta sosai cikin leda. A gaida Baba, a gaida Anti da yara, da mutanen majalisa baki ɗaya. A ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta kusa.

Wassalam,
Ƙaninka