Wasiƙa daga Columbus: wata 14 ina jiran Corolla

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya Hajiya da ƙafa? An yi Babbar Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Nasan kana ta zagina a ranka wai na shiga Amurka na manta da mutane, wlh ba haka bane, aiki ne ya sha kaina, sannan akwai wani shirme da na jefa kaina ciki wanda na rantse bazan baka labari ba sai ya ƙare, don nasan halinka, da tun bara kake min dariya. Toh yanzu ya ƙare, motar na ƙofar gida ina hango ta ta taga, sai ka gyara zama.

Corolla na saya. Eh, yi dariyarka ka gama. Nasan kai da kake sauke su daga Kwatano kamar buhun masara zakace duk ƙaryar son motar da nake yi tun muna sakandare ashe a Corolla zan ƙare. Amma wannan ba irin LE ɗin da ke cike da titin Zoo Road bace. Sunanta GR Corolla, jikin ne kawai na Corolla, shi ma an buɗa shi ta gefe kamar ɗan dambe. Injinta fulogi uku ne kacal, kamar Tico, lita 1.6, amma da turbo, kuma ƙarfin doki 300 yake bayarwa. Tayoyin huɗu duk suna ja, akwai wani ɗan maɓalli kusa da giya da kake murɗawa ka raba ƙarfin, ko 60 gaba 40 baya, ko rabi da rabi, ko ka tura 70 baya. Salansa uku gareta. Kuma manuwal ce zalla, giya shida da kuloci, a samfurin 2023 babu otomatik ko ka kawo kuɗin duniya. A masana'antar Motomachi a Japan aka haɗa ta, a wani sashe da suka ware wa irin waɗannan motocin, ba a layin da ake zubo na gama-gari ba, shiyasa basu da yawa.

Kashi uku suka fitar a samfurin 2023. Core ita ce ƙarama, dala 35,900. Circuit dala 42,900, ita guda 1,500 sukace zasu yi. Sai Morizo dala 49,900, guda 200 tak aka ware wa Amurka gaba ɗayanta, kuma an cire mata kujerun baya don ta rage nauyi, wato ka ƙara kuɗi a rage maka kujera. Morizo ɗin nan sunan da Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin Toyota, yake shiga tseren mota da shi ne. Ni dai ko a mafarki ban kai can ba, Core na nufa. Kuma dan Allah kar ka buga kuɗin a naira, musamman yanzu da naji yadda dala ta yi tashin gwauron zabi, hawan jini zai kama ka a banza.

An nuna motar a ƙarshen Maris 2022, ina zaune a falo ina kallo a waya, madam na min magana ban ma ji ba. Sati bai zagayo ba na tafi wajen wani dila kusa da mu. A tunanina irin namu ne, ka je da kuɗinka, ka taya, ace albarka, ka ƙara, a sallama, ka ba dillali la'adarsa kowa ya kama gabansa. Ko kuma tunda sabuwa ce dal, ka zauna ka zaɓi kala da kayan da kake so a rubuta wa kamfani su ƙera maka taka. Ashe duk ba haka bane.

Abin da ban sani ba, a nan kamfanin mota baya sayar maka kai tsaye. Dokokin jihohi sun tsaya wa dilolin, dole ta hannunsu zaka bi, Tesla ce ta yi ta fama da kotuna har ta samu tana sayarwa da kanta a wurare da dama. Kuma dilan nan ba ma'aikacin kamfani bane, ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, ya sayi motar ne ya sayar maka. Farashin da kamfani ya faɗa shawara ce kawai. Akwai takardar da doka ta tilasta a manna a gilashin kowace sabuwar mota tun 1958, da farashin da komai a jiki, amma babu dokar da ta hana dila ya manna tasa ƙaramar takardar a gefe ya rubuta ƙarin da ya ga dama. Sannan abin da suke kira oda, a irin wannan motar, ba oda bace. Kamfani ne ke ƙera abin da ya tsara, ya raba wa diloli kaso, wani ya samu biyu a shekara wani biyar, yawanci gwargwadon yawan motocin da yake sayarwa. Kai dai sunanka ne a layi, in kason ya faɗo a kira ka ace ga fara ta zo, kana so ko a ba na bayanka. Wlh sai ya tuna min rabon kujerar Makka.

Yaron da ya karɓe ni mai fara'a, ya kawo min kofi, yace ni ne na bakwai a layi, in ajiye dala 500 kafin alƙalami. Nace farashin fa? Yace farashin takarda, ko sisi babu ƙari. Na miƙa kati aka cira, ya bani rasit wanda babu abin da aka rubuta a kai sai 500 ɗin da sunana. Ni da na girma a bakin kasuwa, wanda Baba ke cewa ko akuya ka saya ka nemi shaidu, na fito ina washe baki ban ce a rubuta maganar farashin ba. Na ɗauka Turawa basa canza magana.

Daga nan sai shiru. Lokacin kuma ka tuna ana fama da ƙarancin ƴan ƙananan na'urorin lantarkin nan da ake sa wa motoci tun bayan korona, filin dilolin duk wayam, har tsohuwar mota tsada take. Duk wata sai na kira, ace ba labari. Wajen ƙarshen shekara motocin suka fara shigowa ƙasar, ina ganin mutane a YouTube suna ta shan kwana da su, ni ko ƙamshin tawa babu. Daga na bakwai na koma na biyar, wata rana kuma aka ce min na shida, nace ikon Allah, layin baya yake tafiya?

A Fabrairu aka kira ni, ranar ƙanƙara ta rufe ko'ina, na bar aiki na tafi. Ja ce, irin wadda nake so, an ajiye ta a tsakiyar shagon an zagaye da igiya kamar amarya. Na leƙa gilashi na ga takardar kamfani, sai ga ƙaramar a gefenta: ƙarin yanayin kasuwa dala 10,000. Ƙarƙashinsa kuma wasu tarkace, baƙin gilashi, wani man goge fenti, har da iskar naitirojin a taya wai dala ɗari biyu da wani abu. Iska fa mutumina! Iskar da mai faci ke dura maka a Kofar Ruwa ka bashi ƴan canji. Yaron da ya min alkawari ya bar aikin, manajan ya fito, wani mai tumbi da murmushin da bai kai ido ba, yace shi bai san da wata magana ba, in nuna masa a rubuce. Yace in bana so akwai mutum uku da zasu zo da kuɗi kafin magariba. Kuma abin haushin gaskiya ya faɗa, kwana biyu aka ɗauke ta.

Bazan ɓoye maka ba, na tsaya a wajen kusan minti goma ina lissafi a kai, shaiɗan na ce min dubu goma ce fa kawai, ka riga ka jira wata goma. Abin da ya cece ni kunya ce, na tuna zan koma gida in kalli madam in ce mata na ƙara dubu goma a kan Corolla alhali ginin Kano ko rufi ba a yi ba. Na ce a bani 500 ɗina. Sai da na yi sati uku ina sintiri kafin ta dawo.

Ba wai duk kamfanoni sun naɗe hannu bane a kan wannan. Lokacin da Dodge ta fitar da Demon samfurin 2018, guda 3,300 ne, sai tace duk motar da dila ya sayar a farashin takarda ko ƙasa da shi ita za a fara ƙerawa, mai ƙari ya koma baya. Ford kuma da ta fitar da GT, motar sama da dala dubu 400, sai da ka cike takardar neman izini kamar mai neman aiki su zaɓe ka, ka kuma sa hannu bazaka sayar ba sai bayan shekara biyu. John Cena ɗinka na resilin ya karya sharaɗin ya sayar da tasa, suka maka shi kotu a 2017, daga baya aka sasanta. Na kawo maka wannan ne don nasan abin da ke ranka, zakace in karɓa in juyar in ci riba. Akwai masu yin hakan, su ne ma suke ƙara ɓata lamarin, dila na ganin in bai ci ƙarin ba wani ne zai fita da motar ya ci a waje.

Bayan nan na canza salo. Na zauna dare biyu na tura wa diloli kusan talatin saƙo, Ohio, Indiana, Kentucky, Michigan, tambaya ɗaya: kuna sayarwa a farashin takarda, kuma zaku rubuta min? Yawanci basu amsa ba, wasu sukace sai ɗan garinsu suke ba, wasu sukace layinsu ya kai mutum arba'in. Wata dattijuwa ce a wani ƙaramin gari a Indiana, wajen da babu komai sai gonakin masara, ta kira ni. Tace su basa ƙari, mai wajen ya hana, amma kasonsu kaɗan ne kuma bata san ranar zuwa ba, mutum biyu ne gabana. Ta turo takarda, farashi, kuɗin dakon kamfani dala 1,095, kuɗin cike takardu, da layi ɗaya da ke cewa babu wani ƙari kuma kafin alƙalamina zai dawo in na fasa. Na karanta sau uku, na ba wani ɗan Gana abokin aikina ya sake karantawa, sannan na sa hannu.

Ɗaya daga cikin na gabana ya gaji ya sayi wata motar, ɗayan kuma ja yake so. A ƙarshen Afrilu ta kira tace fara ce ta faɗo, tana da kayan sanyi, wato kujera da sitiyari masu ɗumi, da ƙarin nan da ke hana taya ɗaya ta yi ta juyawa a banza in ka shiga kwana. Ni ma ja nake so, amma na ce mata Hajiya ko kore ce kawo. Ta bani lambar shasi, daga ranar na zama kamar mai jiran haihuwa, an ɗora a jirgin ruwa, ta iso tashar ruwa, tana jiran tirela. Sati bakwai. Madam tace ko lokacin da take da cikin Auta ban damu haka ba, nayi shiru don ba ni da amsa.

Ranar ɗauka ɗan Ganan ne ya kai ni. Na riga na roƙi matar kar a bari kowa ya zagaya da ita, kar kuma a saka ta injin wanki ya kakkarce fentin, tace kar in damu, a duk wajen mutum biyu ne ma suka iya manuwal. Na duba mita, mil 8. Ledar kujera na nan, na ce kar a cire, ni zan yage abata.

Saura ɗaki na ƙarshe, wanda suke kira ofishin kuɗi, a nan ne ake yanka mutum da murmushi. Mutumin ya so in ci bashin banki ta hannunsu, don su ma suna da kasonsu a cikin ruwan. Nace masa addinina ya hana ni bashi da ruwa, shekara uku nake tara kuɗin nan, ga kuma tsohuwar Camry ɗina da na sayar na cika. Ya kalle ni kamar na faɗo daga sama. Sai ya koma tallan ƙarin garanti, inshorar taya, inshorar makulli, ina ta cewa a'a har na fara jin nauyinsa. Harajin Ohio dai babu gudu, ko a ina ka saya sai ka biya na inda kake zaune, shi kaɗai ya haura dala dubu biyu da rabi.

Tafiyar awa uku ce zuwa gida kuma littafin motar yace a lallaɓa ta kilomita 1,000 na farko, saboda haka ina tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci na wuce ni suna huci. Amma kulocin nan da na taka, hannuna ya faɗa kan giya, wlh sai na ganmu a 504 ɗin Babanku a hanyar Zariya, kana ce min saki a hankali, saki a hankali, ni kuma ina kashe ta a gaban masu rake suna mana dariya. A wata mahaɗa kafin in hau babban titi ta mutu min sau ɗaya, na waiga ko akwai mai kallo.

Da na iso madam ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, tace wai wannan ce? Ai irin ta maƙwabciyarmu ce mai kai yara makaranta. But ɗin ma ƙarami ne, kayan cefanen sati da ƙyar suke shiga, kuma sai mai mai tsada take sha, kai da kuke kuka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 nasan bazaka tausaya min ba. Kamfanin na ba duk wanda ya saya kyautar yini ɗaya a filin tsere da malami a gefe, na yi rajista na watan Satumba, ban faɗa a gida ba tukuna, kai ma ka riƙe bakinka in kun yi waya da ita.

Wai 504 ɗin nan tana nan a garejin bayan gida ko an sayar wa ƴan gwangwan? In tana nan dan Allah ɗauko min hotonta, har da cikin. Akwai wanda zai taho nan ƙarshen wata mai zuwa, zan turo maka lambarsa, ka haɗo shi da yaji da kuka, kilishi kam kar ka wahalar da kanka kwastam ɗinsu ƙwacewa suke. Ka gaida Hajiya sosai kace ina nan tafe da azumi in Allah ya yarda, ka gaida uwargida da yara, da duk ƴan majalisa.

Naka,
mutuminka na Columbus