A Ba Lissafin Totient Fili A Jarida

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah ku riƙa taɓo mana lissafi, musamman totient ɗin masanin lissafi Euler. Totient shi ne ka ɗau lamba, ka ƙirga na ƙasa da ita waɗanda ba lambar da ke raba su tare da ita sai 1. To abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda amsa ke maimaituwa, kaga 15, 16, 20, 24 da 30 duk 8 suke bayarwa amma 14 ko sau ɗaya ba ta fitowa wallahi. Tun 1907 masanin lissafi Carmichael yace ba amsar da ke zuwa sau ɗaya tak, har yau an kasa tabbatarwa. Wani masanin lissafin, Kevin Ford, dai a 1999 ya nuna daga sau 2 zuwa sama, ko sau nawa ka zaɓa ana samun amsar da ke zuwa daidai hakan.

Naku mai karatu kullum.