Amsa ga Malamar da Ta Ce Falsafa Ba Ta Ciyar da Kowa

Assalamu alaikum Malama,

Kin tambaye ni a bainar jama'a: me falsafa za ta ƙara wa mai niyyar taimakon mutane, alhali mai yunwa abinci yake jira, ba muhawara ba? Na gode da wannan tambaya, ga amsata a fili.

Da a ce abin hannunmu zai wadaci kowa, da ba ni da ta cewa. Amma abin bayarwa kaɗan ne, mabuƙata kuma ba su ƙirguwa, don haka tilas mai bayarwa ya zaɓa. Duk wanda ya zaɓa kuwa ya riga ya yanke hukuncin wanda ya fi cancanta, ko ya lura ko bai lura ba. Falsafa ce ke fito da wannan hukuncin sarari a duba ko yana da hujja.

A 1972 Peter Singer, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya wallafa maƙala kan halin yaƙi da yunwa da mutanen Gabashin Bengal, wato Bangladesh ta yau, suka shiga. Ya ce idan ka ga yaro yana nutsewa a kududdufi mara zurfi, za ka shiga ka tsamo shi ko da tufafinka za su ɓaci. To yaron da ke mutuwa a wata ƙasa mai nisa fa, nisan ya rage darajar ransa ne? Zazzaɓin cizon sauro yana kashe kimanin mutum 600,000 a shekara, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka, kuma gidan sauro mai magani ba shi da tsada. Irin wannan tunanin ne ya sa Toby Ord na Jami'ar Oxford da abokansa suka kafa ƙungiyar Giving What We Can a 2009, wadda mambobinta ke alkawarin ba da kashi goma cikin ɗari na abin da suke samu.

Za ki iya cewa ai wannan aikin masu lissafi ne. Lissafi yana da iyaka, Malama. Ƙungiyar GiveWell, wadda tun 2007 take auna ayyukan agaji, tana iya ƙiyasta rayukan da dala miliyan ɗaya za ta ceta. Amma wanne ya fi: ceto ran yaro ɗaya, ko ninka kuɗin shigar iyalai masu yawa? Babu alƙaluman da za su amsa wannan sai an fara yanke shawarar me ya fi daraja. A 2019 aka je aka tambayi talakawa a Ghana da Kenya, sai aka tarar sun fifita ceton rayukan ƙananan yara fiye da yadda aka zata, GiveWell ta gyara ma'auninta. Wannan matakin ya burge ni ƙwarai, domin wanda za a taimaka yana da hakkin a ji ta bakinsa.

Falsafar kuma ita ke taka wa mai kyakkyawar niyya birki. Sam Bankman-Fried, wani attajirin Amurka mai harkar kuɗin kirifto, ya ce yana tara dukiya ne don ya ba da ita, kamfaninsa FTX ya rushe a 2022, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 25 saboda damfarar masu ajiya. Tun a ƙarni na 18 Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya ce kada a mai da ɗan Adam makamin cim ma buri kawai. Malaman fiƙihu ma suna da ƙa'idar cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, littafi guda ya rubuta kan auna maslaha da ɓarna.

Ban yarda da Singer a komai ba. Ina ganin iyaye da 'ya'ya da maƙwabta suna da hakkin da baƙo ba shi da shi, sai an sauke shi tukun. Abin da ya saura bayan nan, shi nake roƙon mu tsaya mu tambaya inda zai fi rage wahala kafin mu miƙa shi.

Wassalam.