Gaisuwar Sallah daga tsibirin Langkawi

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Ina rubuto muku ne daga Langkawi, tsibirin da ke arewa maso yammacin Malesiya, dab da iyakar Tailan. 'Yan ƙasa duk sun tafi garuruwansu, makaranta ta yi tsit, shi ya sa mu baƙi muka haɗa kuɗi muka tsallako a jirgin ruwa daga Kuala Perlis ranar jajiberi. Da yake muna gabanku da sa'a 7, lokacin da muka sauko daga Idi a garin Kuah kuna tsakiyar barci, don haka na rasa wanda zan kira, sai muka ɗauki hayar mota muka shiga yawo.

Mun fara da bakin teku, inda aka kafa mutum-mutumin mikiya mai tsawon mita 12, daga nan muka ratsa gonakin shinkafa zuwa gindin dutsen Mat Cincang. Ba da ƙafa muka hau shi ba. Wani akwati ake shiga mai tagogin gilashi, yana rataye a jikin igiyar ƙarfe, ya yi ta jan mutum ta saman daji har tsayin da ya haura mita 700, kuma a can ƙololuwa akwai wata lanƙwasasshiyar gada mai tsawon mita 125 wadda ginshiƙi ɗaya ke riƙe da ita. Inna, da kin ganni a kanta da kin ce a sauko miki da ɗanki.

Bayan Azahar muka shiga kwale-kwale mai inji a kogin Kilim, kowa da rigar kariya daga nutsewa. Itatuwan wurin a cikin ruwan gishiri suke tsirowa, saiwoyinsu a waje, birai na bin rassansu, kuma mun leƙa wani kogo da jemagu suka cika rufinsa. Mai jirgin ya watsa fatar kaza a ruwa, shirwa suka yi ta kawo sura. An yi ta tafi, amma ni ban ga dacewar saba wa tsuntsun daji da roƙo ba, musamman a wurin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren da take karramawa tun 2007. Gobe, in Allah ya kai mu, za mu je Dayang Bunting, ɗaya daga cikin tsibirai 99 na yankin, inda akwai tafkin ruwan daɗi da mutanen nan ke camfa cewa yana maganin rashin haihuwa. A gaya wa Gwaggo kada ta ce in ɗebo wa kowa.

Mutanen kirki ne ƙwarai. Wani dattijo da muka yi sahu ɗaya da shi ya ja mu gidansa, aka kawo mana ketupat, wato shinkafa da aka dafa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, tare da naman da aka dafa da madarar kwakwa har ya ƙafe. Na ci, na gode, sai dai ina ci zuciyata na wajen wainar Inna. Ƙasa ce ta shinkafa, safe da rana da dare ita ake ci, amma har yau ban ga tanda ba, ban kuma ga wanda ya san a jiƙa shinkafa a niƙa, a bar ƙullu ya kwana ya tashi ba. Ina cikin kwale-kwalen nan ina lissafin cewa a daidai lokacin an hura wuta a tsakar gida, miyar taushe na tafasa da kabewa da gyaɗa, yara sun yi layi da kwanuka za a kai wa maƙwabta, Auta kuma ta tsare gindin murhu tana jiran ta farko mai ƙonannen gefe, wadda a da rabona ce.

A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Yaya da amaryarsa, da liman da maƙwabta. Gaisuwa ta musamman ga Kaka: a karanta mata wasiƙar nan da ƙarfi, a tsallake batun gada, a ce mata maigidanta na nan bai yi mata kishiya ba, kuma ina shafa man da ta ba ni. Auta ta riƙe mini kujerata, goron Sallarta na nan tafe. Duk wanda ya tambaye ni ina gaishe shi.

Ku ci gaba da sa mini albarka.

Naku,
ɗanku da ke Malesiya