A nuna fim ɗin gicciye da Littafi Mai Tsarki a buɗe

Edita,

Muna gaishe ka da ma'aikatanka, muna kuma roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista na Kaduna, musamman fastoci, dattawan ikilisiya da shugabannin matasa masu shirin nuna fim ɗin gicciyen Yesu Almasihu a makon Ista. Daga Sabon Tasha zuwa Narayi, Kakuri da Unguwar Rimi, da wuya Jumma'a Mai Kyau ta wuce ba a ɗaura farin ƙyalle a harabar wata majami'a ba. Wannan abin yabo ne. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake yinsa: a kunna majigi, iyaye mata su sha kuka, yara su rufe ido, a yi addu'ar rufewa, kowa ya kama hanyar gida. Washegari ka tambayi saurayi me ya sa Yesu ya mutu, sai ya ba ka labarin bulala.

A fara da zaɓen fim. Wanda aka yi a 1979, wanda jama'a ke kira fim ɗin Yesu, ya bi Bishara ta hannun Luka, an juya muryoyinsa zuwa Hausa, tsawonsa kusan awa biyu, ya kuma haɗa da koyarwar Yesu da tashinsa. Na Mel Gibson na 2004 kuwa ya tsaya ne a kan awoyi goma sha biyu na ƙarshe, 'yan wasan suna magana da Aramiyanci da Latin, fassarar tana gudu a rubuce a ƙasan allo. Tsohuwar da ba ta karanta Turanci da sauri ba za ta ɗauki komai daga gare shi ba sai jini. A Ingila ma sai mai shekara 18 aka yarda ya kalle shi a silima. Shawararmu ita ce kada a nuna shi a fili inda yara suke. Idan manya suna so, a keɓe musu dare dabam, a kuma gaya musu tun farko abin da za su gani.

Wanda zai jagoranci taron ya zauna da labarin a wurare huɗu kafin ranar: Matiyu 26 da 27, Markus 14 da 15, Luka 22 da 23, Yahaya 18 da 19. Nan ne aikin yake, domin mai shirya fim yakan haɗa huɗun wuri ɗaya, mai kallo kuma ba zai gane ba. Mafarkin matar Bilatus a Matiyu kaɗai yake. Kai Yesu gaban Hirudus da tuban ɓarawo a kan gicciye a Luka kaɗai suke. Sukar Yesu da mashi a kuiɓi a Yahaya kaɗai take. Maganganu bakwai da muke wa'azi a kansu kowace shekara ba su taru a Bishara ɗaya ba: uku a Luka, uku a Yahaya, ɗaya kuma a Matiyu da Markus, wato kukan nan na an yashe shi, wanda shi ne ayar farko ta Zabura 22. Matashin da aka nuna masa wannan ya fara karatu ke nan, ba kallo kawai ba.

Akwai kuma abin da fim ya ƙara da kansa, kuma dole a faɗa wa jama'a a sarari. Markus ya gama zancen bulala a aya guda, 15:15, amma fim yakan ja shi mintuna da yawa. Faɗuwar Yesu sau uku a hanya, da matar da ta share masa fuska da mayafi, ba sa cikin Bishara ko ɗaya. Daga ibadar Hanyar Gicciye mai tasha 14 suka fito, wadda 'yan'uwanmu Katolika ke bi da girmamawa, su ma kuma sun san al'adar ikilisiya ce. Wasu sassan fim ɗin 2004 an ɗauko su daga wahayin da aka rubuta na wata sista Bajamushiya, Anne Catherine Emmerich. Ko ƙusoshin ma, wajen ba da labarin gicciyewar babu marubucin da ya tsaya kwatanta yadda aka kafa su; sai a bakin Toma, Yahaya 20:25, muka ji ambatonsu. Ba wai babu su ba ne: a 1968 an tono ƙashin diddigen wani mutum da aka gicciye a Urushalima, ƙusar ƙarfe tana nan a jiki. Abin lura shi ne marubutan sun taƙaita azabar, sun ba da ƙarfi ga ma'anarta. Haka kuma babu ayar Bishara da ta faɗi launin fatar Yesu ko tsawon gashinsa. Ya kamata yaro ya san cewa wanda yake gani ɗan wasa ne.

Saboda haka kada a bar fim ya gudu daga farko har ƙarshe. A tsayar da shi sau uku, minti goma goma. Bayan kama Yesu a Getsamani, a tambaya: me ya roƙa a addu'arsa, me ya sa bai gudu ba? Bayan hukuncin Bilatus, a karanta Ishaya 53:4-6. Bayan Yesu ya saki ransa, a bar mutane su yi shiru na ɗan lokaci, sannan a karanta 1 Korantiyawa 15:3-4. A raba jama'a rukuni na mutum takwas zuwa goma, kowane da dattijo ko uwa daga zumuntar mata mai riƙe da Littafi. Idan rukuni ya wuce haka, mutum biyu ne za su cinye magana. Kuma kada a kashe majigi a bakin kabari don dare ya yi. Gara a rage farkon fim ɗin a kai ga tashinsa a safiyar Lahadi.

Wani kuskuren mai hatsari shi ne a tashi daga kallo da ƙin Yahudawa. Yesu Bayahude ne, haka mahaifiyarsa da almajiransa. Gwamnan Romawa, Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, shi ya yanke hukunci, sojojinsa suka zartar. Cocin Katolika da kanta ta bayyana a 1965 cewa ba za a ɗora alhakin wannan mutuwa a kan dukan Yahudawa ba. Mai jagora ya faɗi haka da bakinsa.

Sai maƙwabtanmu Musulmi. Suna girmama Annabi Isa, amma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, da yawansu kuma ba sa son ganin an kwaikwayi annabi. Kaduna ta san abin da rashin kula yake jawowa. A nuna fim a cikin harabar majami'a, lasifika ta fuskanci masu kallo, ba titi ba. A sanar da mai unguwa tun da wuri. A wannan lokacin rana tana faɗuwa wajen bakwai saura minti ashirin, don haka a fara bayan magariba, a kuma daidaita tsayawar farko da kiran sallar isha'i. Wanda ya zo kallo da kansa a ba shi kujera da ruwa, kada a nuna shi da yatsa ko a matsa masa ya ɗaga hannu.

Kayan aiki ba su da yawa, amma su ke ɓata taro. Majigi mai hasken lumen 3,000 ya isa da dare, a ajiye shi kamar mita huɗu daga ƙyalle mai faɗin mita biyu da rabi. A ɗaure ƙyallen ta kusurwa huɗu, domin iskar hadarin Afrilu ba ta sallama. Janareta mai 2.5 kVA zai ɗauki majigi, kwamfuta da lasifika biyu. A tanadi mai lita huɗu, a kai janaretan nesa kamar mita ashirin a waje, kada a taɓa sa shi cikin ɗaki saboda hayaƙinsa yana kisa. Ƙaramin janareta yakan yi wasa da wuta har ya ƙone majigi, shi ya sa ake sa sitabilaiza a tsakani. A sauke fim ɗin a kan filash tun da rana, a gwada sautin da wayar da za a yi amfani da ita, kada a dogara da intanet. In an gama, a kashe majigi a bar fankarsa ta tsaya kafin a kashe janareta, in ba haka ba ƙwan ba zai daɗe ba.

Waɗanda suka nuna suna da tambaya, a rubuta sunayensu da yardarsu, a sa musu ranar zama cikin mako guda, a fara da Luka 24.

Mun gode, Edita.

Wasu malaman nazarin Littafi Mai Tsarki,
Kaduna.