Wasiƙa zuwa ga ɗana kan shirin tafiyarsa Gambiya

Birnin Kebbi

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka tsayar da shawara a kan Gambiya domin ganin tsuntsaye da namun dajin da kake karantawa. Na amince, Allah ya sa albarka. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kogi da lokaci su za su tsara maka wannan tafiya, ba otal ɗin bakin teku ba.

Ƙasar siririya ce, faɗinta murabba'in kilomita 11,300 ne ko kusa da haka, wato Jihar Kebbi ta ninka ta sau uku. Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da yamma inda teku yake, kogin Gambiya kuma ya raba ta biyu. Duk da haka an ƙidaya tsuntsaye sama da iri 500 a cikinta, domin teku da ruwan gishiri da ruwan daɗi da kurmi da fako duk sun haɗu a ɗan wannan tsukin.

Kada ka tafi da damina. Ruwa na sauka daga Yuni zuwa Oktoba, hanyoyin ƙauyuka su lalace, ciyawa ta rufe komai, sauro ya yi yawa. Ka nufi Nuwamba ko Disamba: ƙasa na da sauran ɗanye, tafkuna ba su ƙafe ba, tsuntsayen Turai masu gudun sanyi sun iso. A lokacin ne ake samun tsuntsun nan ladin kogi a garuruwan Kaur da Basse, idan rani ya yi nisa sai ya ƙaura. Daga Maris zafin cikin ƙasar yakan hana mutum yawo.

Batun hanya, na san abokanka za su ce mota ta fi araha, a fita ta Kamba a ratsa Nijar da Burkina Faso da Mali. Ban yarda ba. Hanyar ba tsaro, kuma ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka bi jirgin sama daga Legas, ko da zai ya da zango a Lome ko Dakar. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza, yana da damar zama har kwana 90, amma ka duba fasfonka ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Katin allurar shawara kuwa, ka yi shi da wuri a ofishin lafiya na tashar jirgi, domin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Masu yin ta ana gobe tafiya su ne ake tsayarwa a bakin ƙofa. Agogon Gambiya yana bayan namu da awa ɗaya.

Kuɗinsu dalasi ne. Kada ka dogara da katin bankinka na naira. Ka riƙe dala ko yuro, ka canza a Serekunda kafin ka shiga cikin ƙasa, inda na'urar cirar kuɗi ke wuya. Ka raba su gida uku, kowane kashi wurinsa daban.

Kwana goma ya isa idan ka kasa shi da hankali. Uku na farko a bakin teku: gandun Abuko, wanda aka killace tun 1968, inda za ka ga jajayen birrai da kadoji, sai gadar Kotu da Tanji. A Kotu akwai masu jagora da ke da rajista. Ka ɗauki ɗaya, ku yi ciniki a kan kuɗin yini da na mota da na shiga gandu tun kafin ku tashi. Samarin da ke tare baƙi a bakin ruwa suna neman abota, ka gaishe su cikin mutunci ka wuce.

Sauran kwanakin na kogi ne, kuma nan ne amfanin tafiyar yake. Ka bi titin kudu zuwa Tendaba, ka kwana biyu. Daga nan ake shiga kwalekwale a tsallaka zuwa Bao Bolong, cikin surƙuƙin itatuwan da ke tsaye a ruwan gishiri. Ka lura, ruwan nan yana cika yana janyewa sau biyu a rana saboda teku. In ya janye, ƙananan rafukan taɓo ne zalla, kwalekwale ba ya shiga, don haka ka tambayi mai jirgi lokacin cikar ruwa tun da dare ka tsara safiyarka a kansa. Za ka ga zalɓe iri-iri da kwasakwasa dab da kai idan aka kashe inji aka yi shiru. Daga Soma ka haye gadar Senegambiya da aka buɗe a 2019 zuwa Farafenni, ka bi arewa ta Kaur, ka tsaya a Wassu ka ga da'irorin duwatsun da mutanen zamanin dā suka kafa. A Kuntaur ruwa ya zama mai daɗi, ga shinkafa a fadama, ga dorina. Tsibiran da ke wurin an ware su ne domin birrai cimfanzi, ba a yarda kowa ya sauka ba, daga jirgi ake kallo. Ka kwana a Janjanbureh, ka dawo ta kudu. In kuwa ta arewa ka dawo, jirgin fito na Barra zuwa Banjul yakan yi jinkiri, kada ka haɗa shi da ranar tashinka.

Ka riƙe madubin hangen nesa mai lamba 8x42. Wanda ya fi shi ƙarfi rawa yake a hannu cikin kwalekwale. Fita da asuba bayan salla, hutu daga ƙarfe 11, komawa bayan la'asar. Tufafi masu dogon hannu, ruwan ƙasa ko toka-toka, ban da baƙi da shuɗi mai duhu domin su ke jawo ƙudan tsando. Soket ɗinsu irin namu ne. Leda kuwa an hana ta tun 2015, ka ɗauki jakar yadi.

Kada ka ce ka saba da zazzaɓin cizon sauro. Ka tafi da gidan sauronka, in jikinka ya yi zafi ka yi gwaji ranar nan, kada ka jira. Ba wanka ko tsoma ƙafa a tafki da gonar shinkafa, tsargiya na nan. In gudawa ta kama ka, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Iya ninƙayarka a Matan Fada ba ta aiki a teku, igiyar ruwan tana jan mutum ta ƙasa. Wannan ina roƙonka, ka tsaya a gaɓa.

Galibin mutanen Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba za su yi maka wuya ba, Fulatancinka ma zai yi maka rana a gabas. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa. Kada ka sayi aku ko fata ko gashin tsuntsu, haramun ne a doka. Ka sayi layin waya da ka sauka, ka aiko mana da sunan masaukinka kowane dare. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Mahaifinka