Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Inuwa Yahaya: ina rabon masu taɓin hankali a asibitocin mazaɓu 114?

Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, Ɗan Majen Gombe,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ba zan tsaya dogon yabo ba, masu wannan aikin suna da yawa, kuma sun fi ni iyawa. Abin da aka yi mun gani: ka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya tun farkon hawanka a 2019, ka ce kowace mazaɓa cikin 114 sai ta samu asibiti guda mai aiki, aka gyara gine-gine, aka kafa GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jiha. Mun gode. To amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Akwai marasa lafiyar da har yau ba su san an gyara komai ba.

Ni ɗan kwamitin ci gaban mazaɓa ne a wata ƙaramar hukuma da ke nesa da birnin Gombe. Kwamitinmu ne ke zama da shugaban asibiti a tsara yadda za a kashe kuɗin da ke shigowa duk wata uku daga asusun lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. Muna maganar awon ciki, allurar rigakafi, maganin zazzaɓin cizon sauro, tamowa, batirin sola, famfon da ya lalace. Tun da na shiga ban ga ranar da taɓin hankali ya shiga cikin abin da za a tattauna ba. Ba don babu masu shi ba. Kowa a zauren nan ya san gidan da aka kulle wani a ɗaki, ya san matar da ta haihu ta daina magana ta daina cin abinci, ya san yaron da farfaɗiya ta jefa cikin murhu. Idan uwa ta gaji ta kawo ɗanta, abin da malamin asibitinmu zai iya shi ne ya yago takarda ya rubuta, ya ce, "Baba, ku kai shi Gombe." Iyakar hidimar ke nan. Ban ga laifinsa ba: ba a koya masa ba, kuma ko da an koya masa, babu maganin a kan kanta.

Ranka ya daɗe, a baki "ku kai shi Gombe" magana ce mai sauƙi. Bari in gaya maka yadda take a ƙasa, ga mutumin Nafada ko Dukku ko Talasse. Direban haya ba ya ɗaukar wanda ke fisge-fisge a cikin fasinja, sai dai a ɗauki shatar motar gaba ɗaya. Sai an samu maza biyu masu ƙarfi sun bar gona ko kasuwa sun riƙe shi. Ga kuɗin mai yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Tafiyar farko ana yin ta, a sayar da akuya ko buhun masara. Likita ya gani, ya rubuta magani, cikin 'yan makonni mutum ya dawo hayyacinsa, har ya koma jam'i. Sai dai wannan ciwo ba na sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Yana son ƙwaya kullum ko allura duk wata, wani lokaci shekara da shekaru. Wata na biyu a ci bashi a koma. Wata na uku babu akuya, babu mai ba da bashi. Magani ya yanke, ciwo ya dawo, sau da yawa fiye da da. Daga nan sai dangi su yanke hukunci cewa abin ba na asibiti ba ne, sammu ne ko mutanen ɓoye, a je a nemo mari. Mutane ba jahilci ne ya kai su ga sarƙa ba, nisa ne da talauci. Wannan nake so ka ji, ko da ba ka ji sauran ba.

Na san amsar da za a rubuto maka daga ma'aikata: babu ƙwararru. Gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kayansu zuwa Ingila da Saudiyya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da jihohi shida na Arewa maso Gabas suka daɗe suna dogaro da shi yana Maiduguri. 'Yan ƙalilan da muke da su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba za su raba kansu a ƙananan hukumomi goma sha ɗaya ba. To wa ya ce a kawo mana farfesa a kowace mazaɓa? Tun 1991 Najeriya ta rubuta a manufarta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa ɓangare ce ta kiwon lafiya a matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin wurare irin namu, inda ake horar da nas da ma'aikacin lafiyar al'umma su gane ciwon damuwa, taɓin hankali da farfaɗiya, su fara magani, su san wanda ya fi ƙarfinsu su tura gaba, ƙwararre kuma ya riƙa zagayowa yana duba aikinsu. Kafin duk wannan, a 1954, Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewayen Aro a Abeokuta tare da 'yan uwansu yana yi musu magani, har duniya ta zo koyo. Sama da shekara saba'in ke nan. Magungunan da ake buƙata kuwa tsofaffi ne, suna cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, ba sa cikin masu tsada. Kuɗin kwalliyar shataletale ɗaya zai cika kantocin asibitoci da yawa da su.

Abin da ya rage shi ne wa zai biya, wa kuma za a kama idan ba a yi ba. A nan ne ake wasa da hankalinmu. Abuja ta ce matakin farko na jiha ne da ƙananan hukumomi. Idan muka je sakatariyarmu, a ce bayan albashi babu abin da ya saura, mu tambayi Gombe. Idan aka tambayi sama, a ce ana jiran abokan hulɗa, wato ƙungiyoyin waje da suke zuwa da fararen motoci su yi taron bita na kwana uku a otal, a raba jaka da riga, a ɗauki hoto, a watse. Ranar 10 ga Oktoba kowace shekara, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a yi tattaki da kwalaye, ranar 11 kowa ya manta. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shiga hannunsu kai tsaye. Madalla. Idan kuɗi na hannun ciyaman, a ɗora masa wannan nauyi a rubuce. Idan har yanzu ta hannun jiha suke bi, to nauyin naka ne. Amma ba zai yiwu kowa ya riƙe kuɗi, babu wanda ya riƙe mara lafiya ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A cikin kasafin kuɗin hukumar lafiya a matakin farko a ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa layinta da sunanta, kada a cusa ta cikin "sauran ayyuka" inda kuɗi ke shiga ba ya fitowa. A kowace ƙaramar hukuma cikin 11 a naɗa mutum guda da muka san sunansa da lambar wayarsa, wanda zai faɗa mana duk wata uku: ma'aikata nawa aka horar, asibiti nawa ke da magani, mutum nawa ke karɓa, nawa suka daina zuwa. A manna takardar a ƙofar sakatariya, a karanta a rediyo. Mu 'yan kwamiti a ba mu hurumin tambaya. Mun iya ƙirga gidan sauro, za mu iya ƙirga allura.

Sai gidajen mari. Ka tuna Rigasa a Kaduna, watan Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, wata guda bayan nan kuma aka ga irin haka a Daura. Kowa ya yi Allah wadai, aka wuce. Ba na cikin masu zagin malamai. Ruƙiyya da addu'a suna da gurbinsu, kuma su ne suka karɓi mutanen da asibiti ya mayar. Amma duk inda ake ajiye ɗan Adam a kulle, dole a san da shi, a yi masa rajista, ma'aikacin lafiya ya riƙa shiga ba tare da sanarwa ba. Dagatai da masu unguwanni sun san kowane gida. Ba a tambaye su ba ne. Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya da asusu na musamman. Dokar tana Abuja, marasa lafiyar suna Kwami da Shongom. Majalisar jiha tana kusa da kai, Ranka ya daɗe, kuma mun ga yadda ƙudiri ke gudu idan kana so.

Akwai sauran. Sashe na 231 na kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, har yanzu yana ɗaukar wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a matsayin mai laifi, shi ya sa iyali ke ɓoyewa maimakon su kai asibiti. Samarin da ƙwaya ta juya wa kai, waɗanda ake tunawa da su idan zaɓe ya matso, kame kaɗai ba zai warkar da su ba. GoHealth kuma ta fito ta bayyana wa talakan da ya yi rajista, da Hausa, abin da katinsa ya ƙunsa idan ciwon na ƙwaƙwalwa ne.

Don Allah, don Annabi, kada wannan takarda ta ƙare a hannun wani mataimaki na musamman da zai amsa mini da jerin tituna. Waɗanda nake magana a kansu ba sa zanga-zanga, ba su da ƙungiya, iyayensu ma kunya ba ta barinsu su faɗi sunan ciwon. Kai ne shugaban ƙungiyar gwamnonin Arewa, abin da Gombe ta fara wasu za su kwaikwaya. Wa'adinka zai ƙare a watan Mayun 2027. Kafin nan a fara ko da da manyan asibitocin Kumo, Kaltungo da Bajoga: ranar asibitin ƙwaƙwalwa sau ɗaya a mako, magani a ƙasa, daga can a riƙa sauka zuwa mazaɓu. Idan kasafi na gaba ya fito za mu nemi kwafinsa mu duba layin.

Wassalam.

Naka,
Ɗan kwamitin ci gaban mazaɓa, Jihar Gombe